Minti nawa matsafin wasa yake bukata?

Mai buga lido ko dara a majalisun Maiduguri ya san yadda gardama kan ƙa'ida take tsayar da wasa cik. Haka abin yake ga masu wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Wasan labari ne na ƙage, ana yin sa a kan tebur da takarda da dayis, wani ya ɗauki matsayin jarumi, wani kuma matsafi.

Matsafin nan sai ya huta, ya buɗe kundinsa ya haddace surkullen da zai yi aiki da su. An ari dabarar ne daga littafin Jack Vance, The Dying Earth, na 1950.

To, nawa ne lokacin haddar? Littafin jagoran wasa na 1979 ya yanka minti 15 ga kowane matakin ƙarfin surkulle, wato surkulle ɗaya mai mataki na tara yana cin awa biyu da kwata. Bugun 1989 ya rage zuwa minti 10. Na 2000 ya ce awa ɗaya ta isa duka, bayan hutun awa takwas.

Bugun 2014 ya mai da shi minti ɗaya ga kowane mataki, amma ya bar baya da ƙura: wanda ya canja surkulle guda, zai ƙirga jerin surkullensa gaba ɗaya ne ko sabon kaɗai? Lafazin dokar ya fi karkata ga jerin duka, kuma hakan ya fi ma'ana, don abokan gaba na iya far wa jaruman kafin matsafin ya rufe kundi. Hukuncin ƙarshe yana hannun jagoran teburin.