Uwargida, a ajiye hira sai mai saran reshe ya sauko

Uwargida, da watan Mayu ya kama, tsoron iskar farkon damina kan sa magidanta a Gusau, Tsafe da Bunguɗu neman mai rage rassan dogon yaro, kafin su faɗo kan kwano ko wayar wuta. Sai ya hau da adda a hannu, sannan hira ta ɓarke a ƙasa: Hajiya na tambayar iyalinsa, maigida na sabon ciniki, yara na nuna masa reshe.

Kunya ba za ta bar shi ya ce ku yi shiru ba. Zai waiwayo ya amsa, a nan ne kuwa adda ke zamewa. Na sha wanke irin wannan rauni a asibiti, a hannun da ke ciyar da gida guda.

Don haka ku gama gaisuwa da ciniki tun yana ƙasa, ki shigar da yara ɗaki. In ya ce, "Hajiya, bari in sauko tukuna," kada ki ɗauka raini ne.

In ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta. In ya faɗo, kada a lanƙwasa wuyansa ko bayansa wajen kai shi asibiti.

Ruwan sanyi da hira, a tanadar masa a ƙasa.