Ɓeran Masar da zaƙin sakarin: Abin da masu kiwo ya kamata su sani

A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, galibi yara ne ke kula da ɓeran Masar, kuma abin da yaro ya ci ko ya sha shi yake miƙa wa dabbarsa: ragowar zoɓo, kunun zaƙi, wani lokacin har alewa.

Sai dai ba kullum sukari ne a cikin waɗannan abubuwa ba. Saboda tsadarsa, wasu masu zoɓo da kunu sun koma ga sakarin, sinadarin da aka gano a Amurka a 1879, wanda zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300.

Shin ya dace a ba ɓeran Masar? A'a. Duk da sunanta, asalin dabbar tsaunukan Kudancin Amurka ne, kuma cikinta na ciyawa ne. Ƙwayoyin halitta da ke hanjinta su ke narkar da haki, kuma sauyin abinci kaɗan na iya rikita su, sai kumburin ciki ko zawo. Ga shi ba ta iya amai, duk abin da ta haɗiye sai ya ratsa hanji. A zafin Afrilu kuwa, zawo na iya kashe dabbar da da ƙyar ta kai kilo ɗaya cikin ɗan lokaci.

Abin tsoron ya fi yawa a cingam da alewar da aka rubuta wa "babu sukari". Da yawansu na ɗauke da zailitol ko sobitol, masu sa zawo ko a mutum idan ya ci da yawa. Zailitol ma guba ne ga kare, domin yana faɗar da sukarin jininsa. Komawa ga sukari ko zuma ba mafita ba ce, ƙiba kawai suke jawowa.

Abin da dabbar ke nema yana lambu. Kamar mutum, jikinta ba ya samar da bitamin C, don haka tana buƙatar ɗanyen ganye kullum, da ɗan yankin gwaiba jefi-jefi. Ciyawa kada ta yanke, ita ke rage haƙoranta da ba sa daina tsiro. Abin sha kuma ruwa zalla.

Idan ta yini ba ta ci ba, ko kashinta ya yi ruwa, a garzaya wurin likitan dabbobi, a kuma tafi da ledar abin da ta ci.