Ranar jarrabawa, ranar jarraba

Daga watan Mayu, sa'ad da manoman Karaye da Rogo ke sharar gona suna duban gabas ko hadari ya taso, 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke shiga jarrabawar WAEC, ta NECO kuma ta biyo baya. Duk mun san abin da ake nema: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Mun kuma san cewa a gidaje da dama sai da aka sayar da buhun masara ko akuya kafin a biya kuɗin rajista.

A daidai wannan gaɓa jarraba ke sallama. Aboki zai raɗa maka cewa an turo amsa ta WhatsApp. Wani ya miƙo ƙwayar tiramol, wai don ka kwana kana karatu. Ba ta zuwa da fuskar mugunta, da fuskar taimako take zuwa.

Me ɗalibi Kirista zai yi? A ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa Kiristoci da ke karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa a 1932. Ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS kuwa tun 1957 take aiki a makarantun Arewa. Daga labaran da muke ji a irin wannan zumunta, ga uku da suka dace da zauren jarrabawa.

Na farko labarin Yusufu ne a gidan Fotifar, a Farawa sura 39, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ma suka sani a Suratu Yusuf. Da matar maigidansa ta kama rigarsa, bai tsaya jayayya ba, ya bar mata rigar ya gudu. Wata jarrabar ba a cin ta da musu, sai da ƙafa. Fita daga zauren WhatsApp ɗin, ka bar waya a gida.

Na biyu, a Matiyu sura 4, Iblis bai tunkari Yesu Almasihu da zancen gurasa ba sai bayan azumin kwana 40, lokacin da yunwa ta kama shi. Jarraba takan nemi gefen da muka fi rauni. Yesu ya amsa da Nassin da ya riga ya sani. Mu ma sai mu yanke shawara tun a gida, ba sai takarda ta iso gabanmu ba. Rigakafi ya fi magani.

Na uku Bitrus ne, wanda ya yi alkawarin ba zai taɓa rabuwa da Ubangijinsa ba, amma ya yi musun saninsa har sau uku a dare ɗaya. Ya yi kuka, ya tuba, aka sake danƙa masa aiki. Idan ka taɓa satar amsa a jarrabawar zango, ƙofa ba ta rufe ba. Faɗa wa fasto, ko malamin da ka amince da shi, ka sake shiri.

Kada mu ruɗi juna, gaskiya tana da tsada. Yusufu kurkuku ya shiga kafin ya ga ɗaukaka. Mai yiwuwa ka ƙi satar amsa ka faɗi Lissafi, na kusa da kai ya ci. Amma WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu da za ka iya sake zama. Wanda aka kama kuwa ana iya soke sakamakonsa. Wanda ya tsira da sakamakon sata, gobe yana iya zama ma'aikacin jinya da bai iya lissafin maganin jariri ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dogara ga Allah kuma ba naɗe hannu ba ne. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa tare da kowane gwaji Allah yana buɗe mafita. Sau da yawa mafitar ita ce abokai uku da tsoffin takardun tambayoyi, kullum bayan an tashi daga makaranta. Ku fara da addu'a, sannan ku buɗe littafin Lissafi. Hausawa na cewa, Allah ya ce tashi in taimake ka.