Sake duba masu katin lafiya na kyauta: abin da ake faɗa a Sabon Wuse da abin da yake gaskiya

Duk lokacin da aka ce a kawo lambar NIN don sake duba sunayen masu katin lafiya na gwamnati, sai magana ta bazu daga tasha zuwa layin awon ciki cewa za a soke kyautar baki ɗaya. Wannan ba gaskiya ba ne. Kuɗin da ake kula da marasa galihu da shi yana fitowa ne daga asusun BHCPF, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, ta kuma ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A Jihar Neja ana bi da shi ta shirin NiCare. Doka ce ta kafa asusun, babu ma'aikacin da zai soke shi da biro.

Amma masu cewa ana iya cire suna sun faɗi gaskiya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta lissafa masu rauni: yara ƴan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da talakawan da ba su da hali. Yaro yana girma, mai ciki tana sauka, wani ya rasu, wani ya koma Kaduna. In ba a duba ba, kuɗin sunan mamaci zai ci gaba da tafiya asibiti, alhali bazawara mai marayu huɗu a Ijah tana jiran gurbi. Ni dai ban ga zalunci a nan ba.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu musamman. Mutane da yawa a Ƙaramar Hukumar Tafa suna kwana nan, asuba ta yi su kama hanyar Abuja. Sai ake cewa duk mai aiki a Abuja ya fita daga lissafi. Ba haka ba ne. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yana da nasa tsarin a NHIA, inda yake biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, don haka bai dace ya riƙe gurbin talaka ba. Lebura ko mai tallan ruwa da ke neman abinci a Zuba kuwa, wurin nemansa ba ya hana shi. Halinsa da inda yake zaune ake dubawa.

Cewa katin yana biyan komai a kowane asibiti ma kuskure ne. An ɗaure shi ne da asibitin matakin farko inda aka yi wa mutum rajista, kuma daga can ake rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti in ciwon ya fi ƙarfinsu. Haka tiyatar haihuwa kyauta da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamba 2024: gaskiya ce, amma ga mata marasa hali, a asibitocin da aka zaɓa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu yawo da takarda a hannu suna karɓar "na goro" wai don su tsare wa tsohuwa sunanta. Rajistar marasa galihu ba a biyan ko sisi. Duk wanda aka ce sunansa ya ɓace, ya ɗauki katinsa da takardar NIN ya je wurin shugaban asibitin mazaɓarsa, ya nemi a faɗa masa dalili.