Sikeli Ya Hau a Dare Ɗaya: Kitse Ne Ko Ruwa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau da masu fafutukar rage ƙiba za mu yi magana, maza da mata, musamman waɗanda likita ya ce lallai su rage saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa.

Mutum ne ya yi mako uku yana kame bakinsa. Ya bar lemon kwalba, malmalar tuwo ta dawo ɗaya maimakon biyu, kullum yana tattaki bayan sallar asuba. Jiya ya hau sikeli ya ga kilo 84, ya wuni yana fara'a. Yau da safe ya sake hawa, sai ga 86. Nan take gwiwarsa ta yi sanyi. Abin da za ka ji ya ce shi ne, ai ni ko ruwa na sha sai ya zama ƙiba. Rabin maganarsa gaskiya ce, domin ruwan ne ya hau sikeli tare da shi. Amma ko kusa bai zama kitse ba.

Mu ɗan yi lissafi tare. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Babban mutum yana ƙona tsakanin 2,000 da 2,500 a rana. Kafin kitse kilo biyu ya taru a jikin bawan Allahn nan daga jiya zuwa yau, sai ya ci abincinsa na kullum, sannan ya ɗora rarar kalori fiye da 15,000 a kai. Litar man gyaɗa guda tana da kusan 8,000. Ke nan sai ya shanye kusan lita biyu ta mai bayan ya ƙoshi. Wa ya taɓa yin haka? Kitse a hankali yake taruwa, a hankali kuma yake tafiya. Abin da ke hawa da sauka tsakanin safiya da maraice wani abu ne daban.

Sikeli ba ya tantancewa. Duk abin da ya taka shi zai auna: ƙashi, tsoka, jini, kitse, ruwa, tuwon daren jiya da bai gama wucewa ba, har da babbar riga idan da ita aka hau. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, nauyinta rabin kilo. Ka sha biyu ka hau sikeli, ka ƙara kilo ɗaya cif, alhali babu kalori ko ɗaya a ciki. Abinci kuma yakan yi kwana ɗaya zuwa uku kafin ragowarsa ta fita, kuma masu rage cin abinci sun fi kowa sanin taurin bayan gida. Shi ya sa bambancin kilo ɗaya zuwa biyu a cikin yini abu ne da aka saba gani ga mai cikakkiyar lafiya.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga babban dalilin da ya fi ruɗa mutane, ina roƙon ku ba ni kunnuwanku. Idan muka ci shinkafa, ko tuwo, ko fura, ko burodi, jiki yakan mayar da su sukari. Wanda bai ƙona nan take ba sai ya adana shi a hanta da tsoka, a wata siffa da likitoci ke kira gilaikojin. Hanta takan riƙe kusan giram 100, tsoka kuma wajen 400. Wannan sukarin ajiya ba ya zama shi kaɗai: kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Ku haɗa lissafin, za ku ga kusan kilo biyu ke nan da ke iya shiga da fita ba tare da an taɓa kitse ba.

Ranar da wata Hajiya ta yanke shawarar barin shinkafa da tuwo, jiki sai ya koma kan ajiyarsa. Sukarin na ƙarewa, ruwan da ke tare da shi na fita ta fitsari. Cikin mako guda sai ta ga kilo biyu ko uku sun tafi, ta ce alhamdulillahi, an samo bakin zaren. Mako na biyu da na uku sikeli ya ƙi motsi, domin yanzu aka zo kan kitsen gaske, shi kuwa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyarsa ta lafiya. Sai ga biki ya taso, ta ci dafa-duka da waina da miyar taushe. Jiki ya cike rumbunsa, ruwa ya biyo baya, washegari sikeli ya haura. A nan ne da yawa ke cewa wahalar banza suka sha, su watsar da komai. Wannan shi ke ba ni takaici, domin kitsen da ta sha wuya ta ƙona a makonnin nan uku bai dawo ba, kuma babu wanda ya gaya mata.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Ku tuna dunƙulen magi nawa ake jefawa a tukunya ɗaya, ga yajin tsire, ga kilishi, ga kayan ɗanɗanon taliyar leda. Idan gishiri ya yi yawa a jini, ƙishirwa takan taso, ƙoda kuma ta riƙe ruwa don ta daidaita shi. Da safe zobe ya matse yatsa, fuska ta ɗan tasa. Bayan kwana biyu ko uku sai ya sauka da kansa.

Mata suna da nasu ƙarin dalilin. Ana saura 'yan kwanaki al'ada ta zo, da kuma farkon zuwanta, jiki yakan riƙe ruwa, wata har ta ƙara kilo ɗaya ko fiye. Don haka 'yar'uwa, gwada nauyin wannan mako da na irinsa a watan jiya, ba da na makon da ya wuce ba. Wanda ya fara motsa jiki bayan dogon zama shi ma haka: ciwon da yake ji a cinya alama ce ta tsoka tana gyara kanta, kuma da ruwa take gyaran. A bazara kuwa akasin haka ke faruwa. Wanda ya wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zai iya zubar da kilo biyu na gumi, ya mayar da su kafin ya kwanta. Haka mai azumin da ya auna kansa da la'asar sannan ya sake aunawa bayan tarawihi.

(Gajeren kiɗa)

Masana sun daɗe da ganin yadda ruwa ke ɓoye ramar jiki. A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minisota a Amurka ya tara samari 36 waɗanda imaninsu ya hana su ɗaukar makami. Da amincewarsu aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida, don a koyi yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta galabaita a Turai. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma can wajen ƙarshe, da yawansu ƙafafu da idon sawu suka kumbura, saukar nauyi ta ja baya ƙwarai alhali suna ci gaba da ramewa. Da aka fara ƙara musu abinci, wasu sai nauyinsu ya ƙara sauka, domin ruwan da ya taru ya fita. Samarin nan sun sha azaba, har hankalin wasu ya taɓu, don haka duk wanda sikeli ya tsaya masa ya ce maganinta shi ne ya ƙara horar da kansa da yunwa, ya sani ba hanya ya ɗauko ba.

Akwai kuma masu cin kasuwa da wannan rashin sani. Ana tallar shayin rage ƙiba a waya da bakin kasuwa, ana rantsuwar kilo biyar a mako. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗe abin sa zawo ne a ciki, irin su filasko, ko abin sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka kam, tunda ruwa ya fita. Amma kitse ba ta bayan gida yake fita ba. A 2014 wasu masana biyu a Ostareliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun lissafa cewa idan mutum ya ƙona kitse kilo 10, kilo 8.4 ta numfashi yake fita a matsayin iska, ragowar 1.6 ne ke zama ruwa. Mai shan shayin nan kuɗinsa ya tafi, kitsensa na nan, ga ƙoda ta wahala, ga sinadaran da zuciya ke bugawa da su sun zube. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke kan magani, wallahi kasada ce babba.

To yaya za a yi awon? Sikeli ɗaya, a kan daɓe mai tauri, da safe bayan an kewaya, kafin a karya, da tufafi marasa nauyi. Sikelin kemis da na asibiti da na yaron da ke yawo da shi a kasuwa ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Mai son hawa kullum ya riƙa rubutawa, ranar Juma'a ya haɗa ya raba bakwai, wannan adadin ne abin dubawa. Wanda lambar ke ɗaga masa hankali, sau ɗaya a mako ya ishe shi. A haɗa da tef ɗin tela a auna ƙugu daidai cibiya, a ba abin wata guda kafin a yanke hukunci.

Sai dai akwai ruwan da ba a yi masa haƙuri. Idan nauyi ya ƙaru da kilo biyu ko fiye cikin kwana uku kuma bai sauka ba, ƙafa ta kumbura har in an danna yatsa ya bar rami, numfashi na sarƙewa idan an kwanta, to wannan yana iya zama ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, asibiti za a nufa a ranar. Mai juna biyu da fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai, ita ma kada a kwana da ita a gida. Masu jego kuma sai an sa musu ido sosai. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego, domin kanwa tana sa jiki riƙe ruwa kamar yadda gishiri ke yi. Iyayenmu mata masu kula da jego, don Allah idan yarinya ta kumbura tana haki, kada a ce jego ne ya karɓe ta. Haka kuma wanda ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da gumin dare, a gwada shi suga da tarin fuka tun da wuri.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)