Bindigar ƙusa mai gas: me ya sa take ƙara ba ta fitar da ƙusa? Abin da na koya a Arfa

Waɗanda suka kalli bidiyon da na ɗora a kan bindigar ƙusa mai aiki da gas sun ga wurin da na ja kunama, ta yi ƙara "tas", amma babu ƙusa a jikin katako. A bidiyon minti biyu kawai na ba wannan matsala, alhali kwana biyu cur ta cinye mana. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta dalla-dalla, don kafintan da tasa ta yi masa haka kada ya kashe kuɗin da muka kashe a banza.

Ga wanda bai san ta ba, kayan aikin kafinta ce. Babu waya a jikinta, babu tiyo, ba ta buƙatar kwamfaresa. Batir ne da ɗan siririn gwangwanin gas. Kamfanin Paslode na Amurka ne ya fara fito da irinta a 1986, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna ƙera ta. Ba zan faɗi sunan wadda muka yi aiki da ita ba, domin laifin ba na kamfanin ba ne, namu ne.

Inda abin ya faru

A watan Zulƙida na 1446, wato Mayun 2025, na bi wata tawagar kafintoci, galibinsu Hausawa mazauna Makka, zuwa Arfa, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da garin. Aikinmu shi ne haɗa firam ɗin katako da dakali na ɗakin ajiya da wurin rabon abinci a wani sansanin alhazai. Filin da ke cika maƙil ranar 9 ga Zulhijja a lokacin ba kowa sai ma'aikata da manyan motoci da layin itatuwan darbejiya, ga hasumiyoyin Masallacin Namira can gefe.

Muna da wa'adi. Kowace shekara hukumar kare farar hula ta Saudiyya tana hana shiga da gas ɗin girki Mina da Muzdalifa da Arfa daga ranar 1 ga Zulhijja. Wanda ya tuna gobarar Mina ta watan Afrilun 1997, wadda ta ci rayuka sama da 340, ba zai tambayi dalili ba. A shekarar, 1 ga Zulhijja ta faɗo ranar 28 ga Mayu. Mai gidan aikinmu ya ce ko gwangwani ɗaya na bindigar nan kada ya kwana a filin bayan ranar. Ke nan duk abin da ba mu kafa ba kafin lokacin, sai dai guduma. Ga shi yarjejeniyar ta aiki ce ba ta kwana ba: in ba a gama ba, ba a biyan cikon kuɗi.

Rana ta uku, wajen ƙarfe sha ɗaya, ta fara. Ƙusa ɗaya ta shiga, ta biyu ta tsaya rabi, ta uku ƙara kawai. Muka ce gas ne, muka canza. Haka. Muka ce batir ne, muka canza. Haka. Washegari aka tura yaro Makka ya sayo sabon kwalin gas da sabon batir. Da asuba ta yi aiki lafiya lau, har muka ce an gama. Hantsi na yi ta koma gidan jiya.

Yadda take aiki

Kuskurenmu shi ne mun yi ta canza kaya ba tare da mun san abin da ke faruwa a cikinta ba. To ga shi a taƙaice. Ƙaramin inji ne mai fistan ɗaya, kamar na babur, sai dai shi bugu ɗaya yake yi ya tsaya.

Idan ka danna hancinta a jikin katako, ɗakin ƙona gas yana rufewa, a fesa gas daidai gwargwado, ƙaramar fanka ta gauraya shi da iska. Ka ja kunama, filogi ya ba da tartsatsi, gas ya kama. Ƙarfin nan ya tura fistan ƙasa. A jikin fistan akwai siririyar sandar ƙarfe, ni tabarya nake ce mata, ita ce ke dukan kan ƙusa. Hayaƙi ya fita ta ƙananan kafofi.

Yanzu ku kula da nan, don nan ne maganar take. Me ke mayar da fistan sama? A irin wannan bindiga ba sifirin ba ne. Sanyi ne. Ragowar iskar da ke cikin silinda tana hucewa da sauri, ta tsuke, sai iskar waje ta tura fistan ya koma mazauninsa. Ku gwada a gida: ku zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ku juye, ku rufe ta gam. Tana hucewa za ku ga ta motse. Daidai abin ke nan.

Sai fistan ya koma sama tukuna tabarya take ba da hanya, sifirin ɗin gidan ƙusa ya turo ƙusa ta gaba. Ka ɗaga bindigar, ɗakin ya buɗe, fanka ta kore hayaƙi ta shigo da sabuwar iska. Zagaye ɗaya ke nan. In mataki ɗaya bai cika ba, na gaba ba zai yiwu ba.

Saboda haka na'ura ce da take dogara da hucewa, mu kuma mun kai ta Arfa. A lokacin aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Mu ba mu kai nan ba, amma ma'aunin da ke jakata ya nuna 44 a inuwa, ita kuwa a rana muke ajiye ta a kan kwano.

Kafin ka taɓa komai

Cire batir. Cire gas. Cire ƙusoshi. Ukun duka, kowane lokaci. Na ga wani yaro a tawagarmu ya juyo da hancinta yana leƙawa, batir na ciki, yatsansa a kusa da kunama. Wani dattijon kafinta, mutumin Maraɗi, ya fizge ta daga hannunsa, ya ce, "Kai yaro, ido nawa Allah Ya ba ka?" Ƙusa mai tsawon milimita 90 ba ta san fuska da katako ba. Kuma kada a gwada ta kusa da wuta ko mai shan taba, ko a cikin tanti a rufe, don hayaƙinta yana da guba.

Bi alama, daga mai arha zuwa mai tsada

Alama ta ɗaya: ka danna hanci, fanka ba ta tashi ba. Wannan wuta ce. Duba cajin batir, ka goge ƙarafunan da yake taɓawa da busasshen ƙyalle. Duba ko hancin yana dannuwa har ƙarshe, don yashi yana maƙale shi.

Alama ta biyu: fanka na juyawa, ka ja kunama, shiru. Ko gas bai shiga ba, ko tartsatsi bai tashi ba. Ciro gwangwanin, ka kawar da fuska, ka danna bakinsa a jikin katako. In ka ji "fis", akwai gas. Duba ranar ƙarewar wa'adi a gindinsa, don tsohon gas yana rasa ƙarfi. Duba ko bawul ɗin ya zauna daidai. In duk lafiya, sai filogi: baƙin dauɗa yana hana shi tartsatsi.

Alama ta uku: tana harbawa, ƙusa tana tsayawa rabi. Fara da majuyin zurfi da ke hanci, mai yiwuwa wani ya murɗa shi. In ba shi ba ne, iska ce ba ta isa, ko kuma ƙarfi yana zurarewa. Buɗe murfin baya ka ciro filtar iska. Akwai kuma gwajin yoyo: danna hanci a katako, riƙe minti ɗaya, sannan ka ja kunama. In ba ta harba ba, gas ya zurare, zoben da ke toshe ɗakin ya lalace.

Alama ta huɗu: ƙara tana nan, ƙusa babu. Bayan ka cire abubuwa ukun nan, leƙa ta gefen gidan ƙusa. In ka ga tabarya ta tsaya a hanya, fistan bai koma ba ke nan. Tura ta sama da sukudireba. In tabarya ta koma amma ƙusa ba ta matso ba, matsalar ta gidan ƙusa ce: yashi a cikin layi, sifirin ya yi sanyi, ko ƙusoshin ba nata ba ne. Jerin ƙusa kala-kala ne, akwai mai karkatar digiri 21, akwai 28, akwai 34. In ka sa wanda ba nata ba, za ta yi ta cushewa.

Namu wanne ne?

Na uku da na huɗu a haɗe. Dattijon nan ne ya gano, ba ni mai bidiyo ba. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin silinda, ya janye da sauri. Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Ɗana, da safe tana yi, da rana ba ta yi. Gas ɗin da batir ɗin ai su ne dai na safe. Me ya canza in ba rana ba?"

Muka kai ta inuwa muka buɗe. Filta ta toshe da ƙura har ba a ganin haske ta cikinta. Ga kuma wani abin kunya: ɗaya daga cikinmu ya ɗiga mata man inji don "ta yi laushi". Man ya haɗu da ƙura da toka ya zama kamar kwalta a bangon silinda, zobban fistan sun manne. Da asuba ƙarfen yana da sanyi, tsotson yana da ƙarfin da zai ja fistan duk da dauɗar. Rana na ɗagawa silinda ta yi zafi, iskar ciki ba ta hucewa da sauri, tsotso ya ragu, fistan ya tsaya a rabin hanya. In ya tsaya ƙasa sosai, ƙusa ba ta samun hanya. In ya ɗan hau, harbi na gaba ba shi da cikakken zango, ƙusa ta tsaya rabi.

Mu ma mun ƙara mata. Littafin da ya zo da ita, wanda ba wanda ya buɗe, ya ce tana iya ƙusa biyu zuwa uku a daƙiƙa jefi-jefi, amma kada a wuce 1,000 a awa in ana aiki ba tsayawa, kuma kada gas ya sha zafin da ya wuce digiri 50. Mu saboda wa'adi ba ma bari fanka ta gama korar hayaƙi. Sauri ya haifi nawa.

Abin da muka yi

Mun wanke filta da ruwan sabulu, ta bushe ƙayau kafin a mayar. Mun wanke silinda da fistan da abin fesawa na wanke irin wannan na'ura. Kada a sa fetur. Mun goge filogi. Mun sa ɗigo kaɗan na manta na musamman a zobba, ba man inji ba. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma ba mu sayi ko sukuru ba.

Sai muka canza tsarin yini. Bugun ƙusa daga bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe goma, sai kuma bayan La'asar. Tsakiyar rana awo da yanka a ƙarƙashin rumfa. Dokar Saudiyya da ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tana farawa ne 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ba ta kama mu ba, amma muka ɗora wa kanmu. Gas a cikin kula marar ƙanƙara, a inuwa, ba a cikin mota ba. Filta kuma kowace yamma a kaɗe ta. Mun gama ranar 26 ga Mayu, saura kwana biyu, muka kwashe gwangwanayen kaf, har waɗanda suka ƙare.

To, a saya ko kada a saya?

In kai mai aikin rufi ne, kana hawa sama inda jan tiyo wahala ne, ko kana aiki inda ba wuta ba janareto, tana da amfani ƙwarai. Ba ta da nauyi, kuma gwangwani ɗaya yana buga ƙusa wajen dubu. Amma zafin Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, da ƙurar hunturu a Kano, za su yi mata abin da Arfa ta yi. In ka san ba za ka riƙa buɗe ta kana wankewa ba, nemi mai kwamfaresa, ko irin sabbin nan masu batir zalla. Sun fi nauyi, amma ba ruwansu da gas.

Alhazai masu niyyar sayo ta tsaraba, ku sani ba a shiga jirgi da gwangwanin gas ɗin, ko a jakar hannu ko a babban akwati. Ku tabbatar akwai mai sayar da irin nata a garinku kafin ku biya kuɗi, in ba haka ba kun sayo guduma mai tsada.

A bidiyo na gaba, in Allah Ya yarda, zan kwance ta gaba ɗaya a kan tebur ku ga filta da zobba da tabarya da idonku. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mana idanu da yatsu.