LAMBAR NAMAN SHANU A AMURKA DA ARAHAR MANYAN KANTUNA

Duk wanda ya saba tsayawa gaban teburin mahauci ya san yadda ciniki ya ke. Ka duba da ido, ka taɓa da yatsa, ka ce a rage ƙashi a ƙara tsoka, in ka yi sa'a a yi maka gyara. A Amurka kuwa yawancin masu cefane ba su ko ganin mahauci. Nama yana zuwa kanti a yanke, an shimfiɗa shi cikin ɗan faranti, an lulluɓe da leda, an manna masa takarda. Ba taɓawa, ba tayi. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya karanta takardar nan, ya kuma gane abin da ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa.

Maganar ba ƙarama ba ce ga mai iyali a can. A tsakiyar shekarar 2025 kuɗin laba ɗaya ta niƙaƙƙen naman shanu ya haura dala 6, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Laba ɗaya ta faffaɗar tsokar nan mai kauri da su ke gasawa, wadda su ke kira sitek, ta haura dala 11. Laba kuwa giram 454 ce, watau ba ta cika rabin kilo ba. Saboda haka mutane suka ƙara karkata zuwa manyan kantunan rahusa, irin su Walmart da Costco da Aldi, suna tambayar kansu: shin sitek mai araha na kantin rahusa ɗaya ne da na kantin masu hali, ko kuwa an rage wani abu?

Hatimi Biyu Ne, Ba Ɗaya Ba

Abu na farko da ya ke ruɗa mutane shi ne, Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da USDA, hatimi iri biyu ta ke bugawa a jikin nama. Na ɗaya kewayayye ne, shi ne na lafiya. Ma'anarsa sufeto ya duba dabbar kafin yanka da bayan yanka, bai ga cuta ba. Wannan tilas ne bisa dokar da aka kafa a 1906, shekarar da littafin Upton Sinclair mai suna The Jungle ya tona ƙazantar mayankan birnin Shikago har hankalin jama'a ya tashi. Gwamnati ce ke biyan sufetocin.

Na biyu siffar garkuwa gare shi, shi ne na daraja, ko mu ce lamba. Wannan ba tilas ba ne. Kamfanin yanka ne ke neman a zo a sa wa namansa lamba, shi ne kuma ke biyan ladan aikin. An fara shi a 1927, kuma ban da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya, sa'ad da gwamnati ta ƙayyade kuɗin kaya ta tilasta shi, ganin dama ne har yau. Dattawan da suka ga zamanin da a ke sa wa auduga da fata lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku a kasuwanninmu za su gane abin nan da nan. Kantin da ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa gwamnati ta duba namansa bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi kome ba game da daraja, gama duk naman da a ke sayarwa an duba shi.

Ga yadda a ke sa lambar. Bayan an yanka sa, an feɗe, an tsaga shi biyu, ya kwana cikin ɗakin sanyi, sai a yanka tsakanin ƙashin haƙarƙari na 12 da na 13, fuskar tsokar gadon baya ta fito. Malamin lamba ba ya kula da kitsen da ke kewaye da tsokar daga waje. Abin da ya ke nema shi ne ɗigo-ɗigo da zare-zaren farin kitse da suka ratsa cikin jar tsokar kanta. Su ne ke narkewa a kan wuta, su ba nama romo da ɗanɗano da ɗan taushi. Sa'an nan ya duba shekarun dabbar. A da daga ƙashi da launin tsoka a ke ganewa, amma tun 2017 an yarda a duba haƙora ko takardar haihuwa, a tabbatar ba ta wuce wata 30 ba. A manyan mayanka yanzu kyamara ce ke ɗaukar hoton tsokar, kwamfuta ta auna kitsen, malamin gwamnati yana tsaye yana lura.

Lambobin guda 8 ne. Uku na sama su ne Prime, Choice da Select, su ne mai cefane ke gani a kanti. Prime ya fi kowanne zaren kitse, Choice na bi masa, Select kuwa ɗan kaɗan gare shi. Sauran biyar ɗin, daga Standard har zuwa Canner, ba safai a ke rubuta sunansu ba. Yawancinsu naman tsofaffin shanu ne da ke tafiya wajen niƙa da naman gwangwani.

To, mai karatu ya lura. Lambar nan abu biyu kaɗai ta auna: kitsen cikin tsoka da ƙuruciyar dabba. Ba ta ce Prime ya fi Select tsabta ba, ba ta ce ya fi gina jiki ba. Hasali ma likita zai ce wa mai ciwon zuciya Select ya fi masa.

Suna Na Canzawa, Sa Yana Nan

Wani abin da ya ba ni dariya da na bi tarihin lambobin nan shi ne yadda sunayen ke tafiya su bar naman a inda ya ke. A ƙarshen 1950 aka haɗe Prime da Choice na lokacin aka kira su duka Prime, aka ɗauki na ukun, wanda a ke kira Good, aka ba shi sunan Choice. Watau sa ya kwana lamba uku ya tashi lamba biyu, bai ƙara cin ko ƙwayar masara ba. A 1976 aka sassauta yawan kitsen da a ke bukata. A 1987 kuma aka sake wa Good na wannan zamani suna ya koma Select, don an ga kalmar farko, wadda ma'anarta "mai kyau" kawai, ba ta jan masu saye, ga shi kuwa lokacin mutane sun fara gudun kitse.

Sa'an nan Choice ɗin kansa gida ne mai faɗi. Hawa uku ne a cikinsa. Na ƙasa da kaɗan ya fi Select, na sama kuwa ya kusa taɓa Prime. Kantuna biyu suna iya rubuta Choice, dukansu da gaskiyarsu, amma in ka gasa ka ji bambanci. Wannan giɓi ne ƙungiyar masu kiwon baƙaƙen shanun Angus ta gani, ta kafa tambarinta na Certified Angus Beef a 1978, wanda ba ya karɓar nama sai daga hawa biyu na saman Choice zuwa Prime. Amma kalmar Angus ita kaɗai a jikin takarda sunan irin shanu ne, asalinsu daga Sikotilan, kamar mu ce Bunaji ko Rahaji. Ba lamba ba ce.

Ina Arahar Ta Fito?

Ba zan ce duk arahar kantunan rahusa dabara ce ba, don ba haka ba ne. Suna sayen nama tuli guda, suna cin riba kaɗan a kan kowace laba, da yawansu ba su ajiye mahauci a kanti, a masana'anta a ke yankawa a ƙunshe a kawo. Costco kuma tana karɓar kuɗin shekara daga masu sayayya a wurinta, shi ya sa ta ke iya sayar da Choice har da Prime ba tare da ɗora riba mai nauyi ba. Walmart ta daɗe tana dogara ga Select, sai a ƙarshen 2011 ta shigar da Choice cikin kantunanta na Amurka. Saboda girmanta, wannan shawara guda ta taimaka wajen buɗe tazarar kuɗi tsakanin Choice da Select a kasuwar sari ta ƙasar baki ɗaya.

Kada kuma a manta naman ƙasar kansa ya canza. Wajen 2005 Prime bai wuce kashi 3 cikin 100 na shanun da aka sa wa lamba ba. Bayan 2020 ya kai wajen kashi 10, Choice ya haura kashi 70, Select ya ragu ƙwarai. Dalili shi ne zaɓen iri, da kuma daɗewar shanu a turke suna cin masara. Don haka ganin Choice a kantin talakawa yau ba abin mamaki ba ne.

Duk da haka araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma akwai wuraren da mai saye ya kan yi tuntuɓe. Akwai naman da ba a sa masa lamba ba sam, sai kanti ya raɗa masa suna mai daɗi na kansa, ya zana hoton makiyayi da doki. In babu garkuwar nan da haruffan USDA, sunan ado ne kawai. Akwai kuma batun gaɓa. Tsokar haƙarƙari da ta gadon baya su ne masu taushi, don sa ba ya aiki da su, su ne kuma masu tsada, gama kaɗan ne a jikinsa. Cinya da kafaɗa suna da araha da tauri. Sitek na cinya ko da Prime ne ba zai kai na gadon baya mai lambar Select taushi ba. Wanda ya gwada kuɗin kantuna biyu bai duba ko gaɓa ɗaya ce ba, ya gwada doki da jaki.

Wanda ya fi shafar aljihu shi ne ruwan gishiri. Waɗansu kamfanoni su kan ɗura wa nama maras kitse ruwan gishiri da sinadari don ya yi laushi, doka kuwa ta ce a rubuta yawansa a takardar, sai dai ba da manyan baƙaƙe a kan rubuta ba. Ga lissafi, malamai su ba 'yan aji biyar su gwada. A ce kanti yana sayar da laba a dala 10, kashi 10 cikin 100 na nauyin kuwa ruwa ne. Wanda ya sayi laba 10 ya biya dala 100, amma laba 9 ta nama ya kai gida. Ashe dala 11 da senti 11 ya sayi kowace laba, har maƙwabcinsa da ya biya dala 11 a wani kanti ya fi shi samun rahusa.

Na ƙarshe ya shafi lafiya. A kan bi da nama ƙarƙashin injin mai allurai ko siraran wuƙaƙe da ke huda shi don ya yi taushi. Ba laifi ba ne, har nama mai babbar lamba a kan yi wa. Sai dai ƙwayoyin cuta da ke zaune a bayan tsoka, waɗanda wuta ke kashewa nan take, allurar na iya tura su can ciki. Amurkawa kuwa suna son sitek da sauran ja a tsakiyarsa. Saboda haka tun watan Mayu na 2016 doka ta tilasta a rubuta cewa an huda naman, a kuma faɗi yadda za a dafa shi: zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, a bar shi ya huta minti 3.

Ni a ganina, ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can, yawancin wannan gardama ba tasu ba ce. An ƙago lambobin nan ne don naman da za a ɗora a wuta minti kaɗan a sauke. Mai dafa miya da farfesu, wanda zai bar nama ya sha wuta awa biyu, asarar kuɗi ya ke yi in ya sayi Prime. Kafaɗa mai araha ta fi masa, don jijiyoyinta ne ke narkewa su ba romo kauri. Su kuma sani garkuwar gwamnati ba ta ce kome ba a kan yadda aka yi yanka. Shaidar halal daban ta ke, ƙungiyoyin Musulmi ne ke ba da ita.

Abin Da Ya Ɗaga Kuɗin

Ba lamba ce ta kawo tsadar 2025 ba, kuma kantunan rahusa ba su tsira daga gare ta ba. Shanun ne suka yi ƙaranci. Fari ya addabi jihohin kiwo na yamma da kudu daga 2020 zuwa 2023, ciyawa ta yi wuya, makiyaya suka sayar da shanu mata da ya kamata su ajiye. A watan Janairu na 2025 shanun Amurka duka miliyan 86.7 ne, adadin da ba a ga ƙasa da shi ba tun 1951. Ga shi kuma a Nuwamba na 2024, da kuma cikin 2025, an rufe shigo da shanu daga Meksiko saboda wani ƙuda da ke zuba ƙwai cikin mikin dabba su zama tsutsa. Makiyaya suna kuma kuka da cewa kamfanoni huɗu, Tyson, JBS, Cargill da National Beef, su ne ke yanka wajen kashi 85 cikin 100 na shanun turke, don haka ba su da wurin tayi da yawa.

Garke kuwa ba ya cika da gaggawa. Karsanar da aka ajiye yau sai ta kai wajen shekara 2 kafin ta haifi ɗan fari, maraƙin kuma ya yi wajen shekara ɗaya da rabi ko fiye kafin ya isa yanka. Kowace karsana da makiyayi ya hana wa mayanka don ta haihu, nama ne da ya ragu a kanti a wannan shekara.